Hangen Dala ba shiga birni ba: wasiƙar ƙane daga Manchester

Assalamu alaikum Yaya.

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya iyali, ya kasuwa, ya ƙurar hunturu? Ya ƙafar Hajiya? Ka gaya mata na ji saƙonta, man shafawar yana hannun wani ɗan Gwammaja da zai taho ƙarshen wata in Allah ya yarda. Mu nan alhamdu lillahi, sai sanyi. Kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, Azahar da La'asar da Magariba suna zuwa a jere kamar an koro su.

Na saurari muryar da ka turo har sau uku, don hayaniyar Kwari ta cinye rabin maganar. Na dai gane musun da kuka yi a rumfa: kai ka ce kuɗi ne ke kai mutum ƙasar waje, abokinka malamin makaranta ya ce boko ne, aka ce to a tambayi wanda ya je. Na kuma gane ba musun ne ya tsaya maka a rai ba. Ka yi ta kewaye-kewaye, ka ƙi ambaton sunan yaron kamar yadda ka saba yi wa ɗan fari, amma na san zancen ɗanka ne, wato ɗana, da ya gama bautar ƙasa yake zaune yana son fita waje karatu, da filin nan na hanyar Dawanau da ka fara kai wa dillalai maganarsa. Bari in ba ka labarin abin da idona ya gani, sai ka auna da kanka.

Akwai wata Baturiya mai shara da goge-goge a ɗakin marasa lafiyar da nake aiki. Ta haura hamsin, tun tana 'yar shekara sha shida ta bar makaranta, ita da kanta take cewa lissafi bai taɓa shiga kanta ba. Cikin damina ta ɓace na mako guda, ta dawo fuskarta ta yi jajur kamar tumatirin Kadawa. Na ce lafiya? Ta ce daga Sifaniya take, sun je shan iska bakin teku ita da 'yar uwarta. Wannan ne zuwanta na uku tun da na san ta. Kuɗin jirgin da na masauki a dunƙule ake sayar musu, tana biya kaɗan-kaɗan duk wata kamar adashi. Sannan ta tambaye ni, da zuciya ɗaya, ni ina zan je hutu bana. Ni da nake da takardar aikin jinya, na kuma fi ta albashi, sai na yi murmushi na ci gaba da rubutuna.

A daren na zauna na yi lissafin. A Afrilun 2025 doka ta hana a biya wanda ya kai shekara 21 ƙasa da fam 12.21 a awa. A lokacin fasfonsu na shekara goma fam 94.50 ne in an nema ta intanet. Wato wannan mata ta shiga aiki da safe, kafin ta tashi da yamma ta sayi fasfo. Mu kuwa, tun 1 ga Satumban 2025 fasfo mai shekara biyar ya koma naira 100,000, mai shekara goma 200,000. Masinjan da ke Sakatariyar Audu Baƙo a kan mafi ƙarancin albashin Kano, naira 71,000, sai ya tara na kusan wata uku bai ci ba bai sha ba kafin ya riƙe irin littafin da ita ta samu a wuni ɗaya. Kuma littattafan ba ɗaya ba ne. Nata yana shigar da ita ƙasashe sama da 180 ba tare da ta je layin biza ba. Namu kore bai kai 50 ba, da yawa daga cikinsu ma maƙwabta ne da dama can da ƙafa kakanninmu ke shiga.

Sai jirgin kansa. Akwai kamfanoni irin su Ryanair da easyJet da suka mai da jirgin sama motar haya. In ka sayi tikiti da wuri, tsakiyar mako, lokacin da ba kowa ke tafiya ba, za ka iya zuwa Sifaniya ko Italiya a kan fam talatin ko arba'in. Jirgin ƙasa daga nan zuwa Landan yakan fi haka tsada in ka saya ranar tafiya. Sai dai kamar direban tashar Ƙofar Ruwa suke, kuɗin mutum daban kuɗin kaya daban: jaka kuɗi, zaɓen kujera kuɗi, ko ruwa ba za a ba ka kyauta ba. Ga shi kuma duk mai aikin kwana biyar a mako doka ta ba shi hutun kwana 28 a shekara, albashinsa na tafiya. Kai in ka rufe rumfa mako ɗaya, wa zai biya ka? Abokan cinikinka ma sai ka dawo ka tarar sun saba da maƙwabci.

Kada ka ɗauka kowa a nan yana fita. Akwai majinyatan da nake kula da su da ba su taɓa mallakar fasfo ba, akwai masu karɓar abincin sadaka a coci da masallaci. Mai yara kuma nasa daban: da an yi hutun makaranta tikiti zai yi tashin gwauron zabi, in kuwa ka cire yaro daga aji don ka samu na arha, tarar fam 80 ce a kan kowane yaro, uba nasa uwa nata. Likitocinmu suna fita sau biyu sau uku a shekara, yau Amurka gobe Japan, ita kuwa mai shara bakin tekun nan guda take komawa kullum. To a nan samu yana yanke nisan tafiyar da yawanta. A gida shi ke yanke ko za ka taɓa ganin cikin jirgi.

Ka tambaye ni rayuwa, bari in ɗan buɗe maka aljihuna, don na san lissafin da ake mini a majalisa. Abin da ke shigo mini bayan an cire haraji da fansho fam dubu biyu ne da 'yan kai. Ana jin haka sai a buga da canjin Wapa, a ce naira miliyan huɗu duk wata, a yi salati. Ba wanda ke tambayar me ke fita. Kusan rabi na mai gida ne, kuma gidan ɗaki biyu ne da falo, in ka miƙe hannu a ɗakin yara sai ka taɓa bango da bango. Duka gidan bai kai zauren gidanmu da soron ciki ba. Bayan haya akwai harajin gida na ƙaramar hukuma, duk wata, ko da haya kake. Akwai gas da wuta, waɗanda a irin wannan sanyi suke cin kuɗi kamar ana zuba su rijiya. Kallon talabijin ma sai da lasin, wanda a 2025 aka kai kuɗinsa fam 174.50 a shekara. Gaskiya ne tun da na zo ban ga an ɗauke wuta ba, ruwa bai taɓa yankewa a famfo ba, ba na jiran ɗan garuwa, ba na sayen man inji. Amma duk lokacin da na kunna hita, ji nake kamar mitar tana ƙirga numfashina.

Abinci irin nasu ba tsada. Madara sama da lita biyu ba ta kai fam biyu ba a Aldi ko Lidl. Burodi, taliya, ƙwai, dankalin Turawa, kaza, duk talaka na ci. Kaza ma ita ce naman marasa ƙarfi, ka ji duniya juyi-juyi. Sai dai ba ta da ɗanɗanon tamu, kana tauna kamar auduga. Naman halal ba wahala, mahautan Pakistan da Larabawa sun cika Cheetham Hill da Longsight. Matsalar tana farawa ne ran da ranka ya biya tuwo. Doya ɗaya a shagon 'yan Afirka ta fi kaza biyu tsada. Attaruhu ƙirga maka ake yi. Kuka da daddawa kuwa sai dai a yi ta roƙon matafiya. Ranar sunan auta ban ga ragon da idona ba, kuɗi na ba mahauci, ya kawo nama a leda an yayyanka, ba kai ba ƙafa ba fata. Ba ka isa ka ɗaure rago a ƙofar gida ba.

Abin da ya fi komai tsada a ƙasar nan shi ne hannun ɗan Adam. Aski fam sha biyar, shi ya sa na sayi injin aski, uwar yara ta zama wanzamiyata. Na kai wando a rage mini tsawo, da aka faɗi kuɗin sai na ga gara in sayi sabo. Tela irin na Fagge da zai auna ka yau ya ba ka kaftani jibi, har da aiki a wuya, babu shi, in ma akwai ba irina ke zuwa wurinsa ba. Famfo ya lalace, mai gyara kuɗin taka ƙofarka daban, kuɗin gyara daban. Renon yara kuwa shi ya hana uwar yara cikakken aiki, don abin da za ta samu kusan shi za ta miƙa wa gidan reno. A Kano wa ke biyan kuɗi don a riƙe masa yaro na awa biyu? Ka tura shi ɗakin Hajiya kawai. Na lura duk abin da inji ke yi, a nan arha ne, a gida tsada. Duk abin da sai mutum ya tsaya ya yi maka da hannunsa da lokacinsa, a gida arha ko kyauta, a nan sai mai hali. Jirgin sama kuwa inji ne, shi ya sa ya faɗo ɓangaren mai shara.

Asibiti, tun da shi ne sana'ata. Ba a karɓar ko kwabo a bakin ƙofa, ba a rubuta maka safar hannu da sirinji ka je ka sayo, ba a cewa sai ka ajiye kuɗi kafin a taɓa ka. Wanda ya yi haɗari ko zuciyarsa ta buga, gaskiya ya zo inda za a cece shi. Magani fam 9.90 ne kowane iri, yara da tsofaffi kyauta. Amma ciwon da ba na mutuwa yau ba, sai haƙuri. Ƙarfe takwas na safe za ka fara buga waya neman ganin likita, a ce layi ya cika sai gobe. Aikin gwiwa irin wanda Hajiya ke buƙata mutum kan yi watanni yana jira. Likitan haƙori na gwamnati kuwa samunsa sai an sha wuya, har Turawa da yawa Turkiyya suke tafiya a gyara musu baki. Abin ya ba ni dariya ran da na fara ji: namu masu hali suna tafiya Masar da Indiya neman lafiya, nasu masu ɗan hali suna tafiya Istanbul. Wanda ba shi da shi, can da nan, layi yake bi.

To mu dawo musunku. Kana da gaskiya a kan Alhajin da ke layinku. Allo kaɗai ya yi, sunansa da ajami yake rubutawa, amma ya je Dubai da Guangzhou har ya daina ƙirgawa, ga Umra duk azumi. Na'urar lissafi ce tafintansa, ya danna ya nuna wa ɗan Sin, ɗan Sin ya danna ya nuna masa, a ɗaure kwantena. Wannan ba sabon abu ba ne a Kano. Alhassan Ɗantata bai yi boko ba, fataucin goro ya kai shi Gwanja tun kafin a san fasfo a ƙasar nan. Amma ka tambayi Alhajin sau nawa ya nemi bizar Ingila. A 2025 kuɗin nema fam 127 ne na ziyarar wata shida, in an hana ka ba a mayarwa. Mai dubawar bai san Kwari ba, bai san wane ne wane ba. Takarda yake karantawa: shige da ficen kuɗinka a banki na watanni, daga ina suka fito, me zai sa ka koma gida. Shi kuwa ɗan kasuwarmu dukiyarsa tana cikin diloli, da bashin da ke hannun mutanen Maiduguri da Damagaram, da littafin da yaron shago ke rubutawa. In ya zuba miliyan hamsin a asusu mako guda kafin nema, wannan ma shi zai jawo a ƙi shi. Sai ka ga malamin jami'a da albashinsa bai kai cinikin Alhaji na wuni ɗaya ba an ba shi, don yana da takardar albashi da wasiƙar gayyatar taro. Nan abokinka ya ci ka.

Akwai wani wurin kuma da boko ke aiki ba a lura. Fom ɗin duk a intanet yake, da Turanci. Wanda ya iya karatu zai cike abinsa, ya duba farashin jirage uku ya zaɓi mai sauƙi, ya karanta sharuɗɗa. Wanda bai iya ba sai ejan, shi kuma ejan ya san ya samu. Tafiya ɗaya, jirgi ɗaya, kujera kusa da kujera, amma ɗaya ya biya ninki. Rashin karatu haraji ne da ake biya a bakin kowace ƙofa.

Kuma kuɗin ma da kake taƙama da shi ba irin na da ba ne. Ka fi ni sanin halin da kuka shiga daga 2022 da Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza, har sai tsakiyar 2024 aka sasanta. Ka fi ni sanin abin da ya faru tun Yunin 2023 da aka saki naira: dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta wuce 1,500 cikin 2024. Kujerar Makka a 2023 kusan miliyan uku ce, a 2025 ta haura miliyan takwas. A da malamin firamare in ya yi ritaya ya karɓi garatutinsa, ya haɗa da ɗan abin da ya tara, yana sauke farali. Ka duba unguwarmu ka ƙirga mini irinsu nawa suka tafi cikin shekara biyun nan. Matsakaicin mutum, mai albashi ko mai rumfa ɗaya, shi canji ya sauke daga jirgi.

Ni kaina ai shaida ne a kanku ku biyun. Boko ne ya buɗe mini ƙofa, ba musu. Ba don takardar jinya ba da ko mai gadi ba zai saurare ni ba. Amma ka tuna yadda aka yi. Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, saboda haka asibitocin nan ba su da izinin zuwa su kwashe mu, sai dai mutum ya nema da kansa, da aljihunsa. Jarrabawar Turanci ta IELTS sau biyu na zauna, don ana son maki bakwai a karatu da sauraro da magana, shida da rabi a rubutu, ni kuwa karon farko rubutun ya kayar da ni. Kowane zama kuɗi, kowane zama tafiya da kwanan otal. Sai jarrabawar kwamfuta ta hukumar ma'aikatan jinya, sai tantance takardu, sai gwajin tarin fuka a Abuja, sai guzuri. Albashina na lokacin ko rubu'i ba zai ɗauka ba. Kai ka biya, Yaya. Kai da bai wuce sakandare ba. Hajiya kuma ta sayar da 'yan kunnenta na zinare ba ta gaya wa kowa ba, sai daga baya na ji a bakin Inna. Mu goma sha muka fara shiri a asibitin da nake, akwai waɗanda suka fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, suna nan har yau don ba su da wa a Kwari. Ka gaya wa abokinka malam wannan.

Yanzu maganar ɗana. Ka ɗauki fam a naira dubu biyu don sauƙin lissafi. Digiri na biyu na shekara ɗaya, kuɗin makaranta ga baƙo yakan kama daga wajen fam 15,000 zuwa sama. Dole ya nuna kuɗin ci da kwana, sama da fam 1,100 na kowane wata har wata tara in ba Landan ba ne, kuma kuɗin su kwanta a asusu kwana 28 a jere ba a taɓa ba. Biza a 2025 fam 524 ce. Kuɗin asibiti na ɗalibi fam 776 a shekara, ana biya tun kafin a taso. Ka sa tikiti da rigar sanyi da kuɗin kama ɗaki. Ka tashi sama da naira miliyan hamsin. Filin nan ko an yi masa ciniki na mutunci ba zai kai ba.

Masu cewa ya zo kawai zai yi aiki ya biya sauran, su ne ke jefa yaran mutane a rami. Ɗalibi awa 20 kacal aka yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu, wannan kuwa haya da abinci ne, ba kuɗin makaranta ba. A 2024 da naira ta faɗi, ɗaliban Najeriya da dama a wata jami'a da ke arewa maso gabashin Ingila sun kasa cika kuɗi, aka dakatar da su, wasu aka ce su bar ƙasar. Ba malalata ba ne, abin da suka tara ne ya narke a hannunsu. In ya gama kuma ana ba shi shekara biyu ya nemi aiki, sun ma ce za su rage zuwa wata 18, kuma kafin ya zauna sai ya samu mai ɗaukar nauyinsa a kan albashin da tun Yulin 2025 aka kai ma'auninsa fam 41,700, ko da yake akwai sassauci ga sababbin gamawa. Hanyar kula da tsofaffi da mutanenmu suka yi ta bi, ita ma an fara hana zuwa da iyali a Maris ɗin 2024, aka rufe ɗauko sababbi daga waje a Yulin 2025. Duk ejan da ya ce maka yana da wannan takarda yanzu, ka riƙe aljihunka. Na ga waɗanda suka sayar da gida suka saya, suka iso suka tarar ba aikin, suna kwana a falon mutane.

Hanyar da boko ke tafiya shi kaɗai ba tare da dukiyar uba ba ita ce tallafin karatu, kuma ƙofar ƙarama ce. Akwai Chevening na gwamnatin Ingila, amma suna son mutum ya yi aikin shekara biyu tukuna. Akwai Commonwealth. Akwai na jiha: ka tuna ɗalibai 501 ɗin da gwamnatin Kwankwaso ta tura karatu waje, sannan gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta dawo da shi a 2023 da mutum 1,001 zuwa Indiya da Uganda, 'ya'yan talakawa da yawa a nan suka fara taka matakalar jirgi. Kada kuma malam ya ɗauka ilimi boko ne kawai. Jami'ar Musulunci ta Madina tana ɗaukar yaro ta ba shi wurin kwana da alawus da tikiti, kuma mun ga alarammomin da musabaƙa ta kai su ƙasashen da attajirai ba su taka ba.

Wani abu ɗaya da ku biyun kuka manta. Talaka ma yana tafiya, ya ma riga kowa. Ƙanen kakanmu da ake ba mu labari, ba da ƙafa ya nufi Makka ba, yana noma a hanya yana ci gaba, har Sudan ta riƙe shi? Garin Mai Wurno can cike yake da jikokin waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Takari ba miloniyoyi ba ne. Matan da ake kai wa aikatau Jidda ba su da digiri. Har gobe mai naira kaɗan zai hau mota ya kwana Maraɗi ko Damagaram, wani ya zarce Agadas, ya hau bayan akori-kura ya nufi Libiya ko Aljeriya. A Oktoban 2013 gawa 92 aka tsinta a hamadar arewacin Nijar, yawancinsu mata da yara, mota ta lalace ƙishirwa ta gama da su. Mai kuɗi yana biya da kuɗi, mai takarda yana biya da shekarun karatu, wanda ba shi da ko ɗaya da jikinsa yake biya. Ina faɗa maka wannan ne don yaro in ya ƙwallafa rai aka rufe masa ƙofa ba bayani, taga yake nema. Ka zauna da shi.

Ka ce Hajiya na tambaya yaushe za mu zo. Wallahi Yaya kunya ce ta hana ni amsawa a waya. Garin da jirgin sama ya fara sauka a Najeriya tun 1925, garin da KLM ke sauka har zuwa 2012, yau ba jirgin da zai ɗauke ni daga Ingila ya dire ni filin Malam Aminu Kano kai tsaye. Sai na bi ta Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha, ko in sauka Abuja ko Legas in sake wani. Na duba mana mu huɗu na hutun Disamba, abin ya tasar wa albashina na wata biyu, ban sa tsaraba ba. Ka san kuwa wanda ya fito daga Ingila ba ya shiga unguwa hannu rabbana. Turaren Baffa, agogon Kawu, takalman yara, ambulan ɗin gaisuwar rasuwar da aka yi bayana, su ma wani tikitin ne. Faransa da ke nan kusa ma, da koren fasfona sai na nemi biza ta yuro 90 kamar wanda ya taso daga Kurna. Shekara uku ke nan. Mai shara ta ga teku sau uku, ni ban ga uwata ba.

Abin da na yanke shi ne in zo ni kaɗai bayan ƙaramar salla, lokacin tikiti ya sauka, na riga na nemi hutun mako uku. Kada ka gaya wa Hajiya sai na saya. Filin kuma don Allah a dakata da dillalai har in zo mu je mu gan shi tare. Ka ce wa ɗana ya kira ni ran Lahadi bayan Isha, ya turo mini hoton sakamakonsa tun daga aji ɗaya, kuma ya karɓi aikin koyarwar nan da ya raina, don shekara biyun da masu tallafi ke nema daga nan za a fara ƙirga masa.

Ɗan Gwammajan zai juyo bayan mako biyar. A ba shi kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa a naɗe ta sosai cikin leda uku, da yajin Hajiya. Kada a sa kilishi ko man shanu, ba a shigowa da nama da kayan madara, a filin jirgi za a zubar. In telanka na da sarari ya ɗinka mini shadda biyu da tsohon awona, amma ya ƙara inci ɗaya a ciki.

Ka gaida Yaya babba da yara, da mutanen rumfa, da malam mai musu.

Ƙanenka.